Shekarar da Na Share Gindin Ɗinya

Sani, da ka zo gida sallar layya na ji abin da ka faɗa wa ƙannenka a bayan rumbu. Ka ce muna da ɗaki a Duwala, a gidan kakanku na Niyu Bel, amma Baffanku Ɗanlami ya fasa kwaɗo ya saka baƙo a ciki, shi ya sa kai kake biyan haya a unguwar Logbaba kana tuƙa benskin, babur ɗin haya, alhali gidan kakanka na tsaye. Ka ce ka ma daina zuwa gaishe shi. Ban tanka maka ba a lokacin, don akwai baƙi, kuma ni ban iya magana a tsaitsaye ba. Yanzu da Allah ya sa na koyi rubutu a ajin manya, bayan furfura ta riga ta fito, gara in zauna in rubuta muku yadda abin ya faru, ku karanta ku duka. Kwaɗo kam an fasa shi. Baƙo kuma ya shiga. Amma akwai damina guda a cikin maganar, kuma kai a lokacin kana ƙarami, ba ka riƙe komai ba sai jirgin ƙasa.

Gidan, kakanku ne ya gina shi da ribar goro. Katako ne da kwano, irin ginin da muke kira karabot, ɗakuna a jere suna kallon tsakar gida, da zaure a gaba inda baƙin da suka sauko daga arewa ke kwana kafin su sami wurin kansu. A can aka haife ni, a can aka haifi Yaya Ɗanlami. Wanda bai zauna Niyu Bel ba ba zai gane abin da ake nufi da damina ba. Unguwar a kwari take. In ruwa ya sauko da ƙarfi, lambatu ya cika ya tumbatsa, sai ruwa ya biyo lungu ya shigo tsakar gida ya haura dokin ƙofa. Saboda haka kowane ɗaki akwai tsohon kwano a bayan ƙyaure, ba na cin abinci ba, na kwalfar ruwa. Tsakanin ɗaki da ɗaki kuwa katako ne kawai, ruwan da ka bari a naka zai bi ta ƙasa ya shiga na maƙwabcinka. Shi ya sa kakanku ya kafa doka tun muna yara, yana kuma maimaita ta duk farkon damina:

"Ba a kulle ɗaki da damina a gidan nan. Ɗaki na mai kwalfe shi ne."

Da ya rasu ba mu raba gidan ba. Inna, mahaifiyarmu, tana ɗakinta, nawa na manne da nata, na Yaya yana can kusa da zaure.

Ni dako nake yi a tashar jiragen ruwa, wadda muke kira por. Da asuba sai mu taru a bakin ƙofa, shugaban ma'aikata ya fito ya nuna da yatsa, kai, kai, da kai. Wanda aka nuna ya shiga, wanda ba a nuna ba ya koma gida. Shekaru ina haka kuma muna ci muna sha. Sai aka shiga shekarun da kowa ke cewa lakiris, wato shekarun matsin tattalin arziki. Jirage suka ragu. Mutanen da dā muke gani da taye a wuya suna wucewa cikin taksi suka dawo suna tsayawa tare da mu a bakin ƙofa, hannuwansu lukui. Daga baya aka zo ana rufe gari kwana da kwanaki, ba kasuwa, ba mota, sai hayaƙin taya a mararraba. Ba zan yi muku dogon bayani a kan wannan ba, kowa ya sha nasa. Abin da zan gaya muku shi ne na cikin gida. A dā tukunya ɗaya ake ɗorawa a tsakar gida, kowa ya miƙo kwanonsa har baƙin zaure. A shekarar nan kowace mace ta ja murhunta bakin ƙofarta, ta juya wa sauran baya, don kada ɗan wata ya tsaya yana kallo. Ba wanda ya yi faɗa da wani. Haka kawai aka wayi gari.

Uwarku tana soya makala, irin fanken can, a bakin lungu, har mai ya fi ƙarfinta ta bari. Muka koma ci sau ɗaya, da la'asar, don yara su yi barci da wani abu a ciki. Kai Sani ka jure. 'Yar'uwarka Rabi ce ba ta jure ba. Gashinta ya yi ja ya yi laushi kamar gemun masara, cikinta ya fito, ta daina wasa, sai ta zauna a dokin ƙofa tana bin mutane da ido. Wata rana uwarku tana yi mata tsifa, gashin yana biyo yatsunta, ta ce ba tare da ta dube ni ba:

"Malam, ka kai mu gida. Ko zuwa kaka ne. Can ko ba komai akwai rogo."

Gida a bakinta shi ne ƙauyen nan da muke ciki yanzu, a bayan Tibati. Ni kuwa sau ɗaya na taɓa zuwa, lokacin ɗaurin aurenmu, kuma ban kwana biyu ba. Ban taɓa riƙe fartanya ba. Na ce to, zan raka ku in juyo.

Ranar tafiya na fito da kaya, na ja ƙyaure, na ɗana kwaɗo. A shekarun nan kowa ya koyi kulle abinsa, ga kuma akwatin uwarku a ciki da kwanukan aurenta. Yaya yana alwala a tsakar gida, ya ɗago kai.

"Wannan fa, Garba?"

"Kwaɗo ne, Yaya."

"Na ga kwaɗo ne, ban makance ba. Damina ce fa."

"Rakiya kawai zan yi. Kafin ruwa ya yi ƙarfi na dawo."

"To bar makullin wajen Inna."

Na ce ai ba daɗewa zan yi ba. Na jefa makullin a aljihu. Ya ci gaba da wanke ƙafarsa.

Muka hau jirgin ƙasa har Ngawundal, daga can muka shiga bayan kamiyo, babbar motar kaya. Da muka iso, Kawunku Hamadu ya ba mu bukka. Wadda ta fara tarbata ita ce Dada, kakar uwarku. Ku manya kun riske ta, 'yar tsohuwa kamar a sa a aljihu, ba haƙori ko ɗaya, kullum da taba a leɓe. Tunda jikarta nake aure, ni mijinta ne a wasa, kuma ba ta taɓa raga mini ba.

"Lale da mijina ɗan Duwala! Shekara nawa ba ka leƙo ni ba, yau kuma ka zo hannu rabbana? Ina zanen? Ina sabulun? Ku dube shi, wuya kamar mariƙin lema. Ashe a birnin ma yunwa ake kwana da ita?"

"Dada, ai ke na zo ɗauka in kai ki birni."

"Ka kai ni in ci me? Hayaƙin mota?"

Niyyata in kwana kaɗan in juya. Sai aka yi wani ruwa da ya cinye gadar da ke tsakaninmu da babbar hanya, motoci suka daina shigowa. Na zauna. Zaman ya yi mini nauyi. Da safe kowa ya saɓa fartanya ya fita, har yara, ni ina zaune a inuwa ina jira a kawo mini tuwon da ban san yadda aka yi ya zama tuwo ba. Na bi Hamadu gona sau ɗaya, na sare masa masara tare da ciyawa, ya ce in huta, na gaji da tafiya.

Wata safiya na fita yawo ni kaɗai wajen rafi. Na iske wasu manyan itatuwa, ƙarƙashinsu fes, ba ciyawa ba ganye, ga wasu 'ya'ya baƙaƙe sun zuba birjik suna sheƙi da raɓa. Na ɗauki ɗaya na sa a baki. Nan take na gane, ɗinya ce. Inna tana yawan ba mu labarinta, don ta ci ta tana yarinya kafin a kawo ta Duwala, amma ni ban taɓa ganin ta ba sai busasshiya, a tire, a bakin masallaci. Wannan kuwa taushi gare ta, zaƙinta har maƙogwaro. Na cika aljihu, na cika hula. Sai na koma gida da sauri na ɗauko buhu, na bi itatuwan ɗaya bayan ɗaya na tsince su tas. Zuciyata fari ƙal. Tun da na zo, yau ne zan shiga gida da wani abu a kafaɗa.

Na dire buhun a gaban Dada. Ta sa hannu ta ɗebo, ta duba, ta dube ni.

"Ina ka samo?"

"A daji. Kayan Allah, zube a ƙasa ba mai so."

"Gindin da ciyawa, ko a share?"

"A share tas, kamar tsakar gida."

"To aljanu ne suka share maka don sun ji ɗan Duwala zai zo?"

Matan gidan suka fashe da dariya, har uwarku ta rufe fuska da gefen zane. Dada ta tofar da taba ta ce:

"Na aura wa kaina ɓarawo. Waɗannan na Mairo ne, matar marigayi maƙeri. Da su take ciyar da marayunta. Ɗauki, ka san hanya."

A ranar na koyi abin da duk yaron ƙauyen nan ya sani. Ɗinya ba wanda ya shuka ta, amma ba ta zama ta kowa ba. In ta fara ƙosawa, mace takan zaɓi itace ta sare ciyawar gindinsa, ta share, ta riƙa zuwa kowace safiya. Abin da ya zubo a wurin da ta share nata ne, ko mai gari ba zai taɓa ba. In ta daina zuwa ciyawa ta rufe, to ta saki, wata na iya karɓa. Na saɓa buhun na ratsa gari, yara na bina a baya. Mairo ta fito, ta saurare ni har na gama, ta ce:

"Ba komai, Malam. Baƙo ko da ido makaho ne. Ka ma rage mini sunkuyo."

Ta cika ƙwarya ta ce in kai wa Rabi.

Washegari Dada ta aiko a kira ni. Ta miƙo mini adda da tsintsiyar kara.

"Tunda mijina ɗinya yake so, haye rafi, ka bi hanyar shanu. Za ka ga wani babba mai reshe biyu, ƙaya ta rufe shi. Ya fi duk na Mairo zaƙi."

"Na waye?"

"Nawa ne dā. Tun ina amarya nake share shi. Da ƙafa ta ƙi haye rafi, ya zama na birai."

"Ai har yanzu naki ne, Dada, tunda kowa ya sani."

"Da baki? Je ka gaya wa itacen sunana ka ji ko zai amsa. Tsintsiya kawai ya sani."

Na je na same shi. Na sha ƙaya, hannuwana suka yi kanta a kan kantar dako, na kashe maciji ɗaya, na kori wani. Da na gama saran na share wurin har ƙasa ta fito ja. Mazan gari da ke wucewa da shanu suka sami abin yi. Wani ya ce, "Sannu da aiki, uwar gida!" Wani ya ce in na gama in zo in share wa matarsa, tana biya da ƙosai. Ni dai na ce musu sannunku. Wanda ya yi shekaru ana yi masa tsawa da Faransanci a bakin por, zolaya da Hausa ba za ta hana shi barci ba.

Kwanakin farko abin da ke zubowa bai cika tafi biyu ba. Na ɗaga kai na ga reshe ya yi nauyi da 'ya'ya, kore da masu ɗan duhu, na ce wa Dada gobe zan hau in girgiza.

"Ka girgiza ka ci bauri. Wadda aka tsinko sai an binne ta a toka, kuma ko ta yi baƙi ba ta kai wadda ta faɗo da kanta ba. Kai dai share, ka dawo gobe. Ko a birninku ba a koya muku jira ba?"

An koya mana. Ba abin da na iya kamar jira. Amma ina tsaye a gindin itacen nan da sassafe, tsintsiya a hannu, na ga bambancin. A bakin por kana iya riga kowa zuwa, ka tsaya har rana ta take, yatsan ya wuce ta kanka ya nuna na bayanka. A nan in ka share ka zo da wuri, ka riga birai da awaki, abin da ya faɗo ba mai nuna wani ya ce nasa ne. Da ta kankama zuba kuwa sai na cika kwando in koma in sake cikawa. Uwarku ta tuna aikin ƙuruciyarta: ta jiƙa, ta murje, ta tace, ta ɗora a wuta tana juyawa har ya yi kauri ya yi baƙi, ya zama maɗi. Ta riƙa ba matan Fulani maɗi suna ba ta nono. Kada in yi ƙarya in ce ɗinya kaɗai ta tashi Rabi. Masara ta nuna, ga rogo, ga nonon. Amma ranar da na fara jin dariyarta bayan watanni, tana zaune ne a gindin itacen, ta cika baki da ɗinya, tana gwalo tana nuna mini harshenta ya yi baƙi ƙirin.

Aka gyara gada. Kamiyo ya shigo ranar kasuwa. Uwarku ta same ni ina wasa adda.

"Malam, mota ta zo."

"Na ji ƙararta."

"Ɗakin fa? Ruwa ake yi a can."

"Itacen bai gama zuba ba."

Ta juya ta tafi. Ku lura da wannan: na san dokar gidanmu, na san makulli yana aljihuna, na kuma san wata nawa aka yi ana ruwa a Niyu Bel. Ba wanda ya ɓoye mini komai. A cikin kwanakin ne Hamadu ya kai ni wajen jauro, mai garin, aka nuna mini wata saura a bayan itacen, aka ce in na sare tawa ce muddin ina nomawa. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na ce sai na je na dawo.

Sai da ɗinya ta ja baya na tafi, da jarkar maɗi da ƙullin 'ya'yan ɗinyar da uwarku ta shanya. Na isa Niyu Bel da hantsi, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Lungunmu ya zama rafi. Na shiga gida ruwa har ƙwauri, na iske ƙofata a buɗe, wani saurayi dogo da ban taɓa gani ba ya naɗe wando, yana sunkuye yana kwalfar ruwa da kwanona yana watsawa tsakar gida. Na tsaya. Ya ɗago ya ce sannu da zuwa, wa nake nema. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Amma na leƙa ciki. An ɗora gadona a kan bulo, an rataye katifa a jikin azara, akwatin uwarku yana can sama a kan wani katako da aka kafa sabo, a bushe. Tabarmarsa da 'yar jakarsa suna gefe guda.

Yaya ya fito daga ɗakin Inna, shi ma da kwano a hannu.

"A'a, manomi! Saukar yaushe? To ajiye kayan ka kama, ba lokacin gaisuwa ba ne."

Muka kwalfe mu uku har ruwa ya tsagaita. Sannan muka zauna a zaure ya gaya mini. Ruwan da ya taru a ɗakina ya riƙa bi ta ƙarƙashin katako yana shiga na Inna. A kwalfe nata, kafin a juya ya sake cika. Ta kama tari. Ya jira ni, ya aika da saƙo ta hannun wani direba, saƙon bai iso ba. Sai ya ɗauko guduma, ya kira Inna ta tsaya a kai, ya fasa. Shi ga ciwon baya, ga nasa ɗakin. Saurayin, Isuhu, sabon zuwa ne daga Najeriya, yana tallar takalma a kasuwa, yana kwana a zaure. Shi ya ce zai riƙa kwalfe ɗakin. Duk ranar da hadari ya haɗo yakan naɗe kayansa ya baro kasuwa a guje.

"Ɗakinka ne, Garba," in ji Yaya. "Ka ce ka dawo, yau ɗin nan Isuhu ya koma zaure. Ka gan shi ma ya fara ɗaure tabarma."

"In na sayi sabon kwaɗo fa, na riƙa zuwa da rani?"

"Da damina fa? Ba zan yi maka gadin ɗaki kai kana can kana gadin itace ba."

Na shiga wajen Inna na buɗe mata ƙullin. Ta ɗauki ɗaya ta jujjuya, ta sa a baki, ta daɗe tana tsotsa idonta a rufe. Ta tofar da ƙwallon a tafinta ta riƙe.

"Ta faɗo ne da kanta," ta ce. "Wa ya koya maka?"

Na ba ta labarin buhun Mairo, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta tambayi Rabi, na gaya mata. Sai ta dube ni sosai.

"Ka dawo ne, ko sallama ka zo yi?"

Na ce ban sani ba tukuna.

Na kwana a zaure, na bar Isuhu a ɗakin. Da asuba na tafi por, in gwada. Taron ya fi na dā. Abin mamaki, a ranar yatsan ya nuna ni. Na yini ina ɗaukar buhunan shinkafa. Da yamma wani tsohon abokin aikina ya dafa ni ya ce, "Ça va aller, komai zai daidaita, Garba, ka ga ka dawo da ƙafar dama." Abin da aka ba ni ya sayi cefanen yini ɗaya. Washegari na koma, yatsan ya wuce. Wanshekare ma ya wuce. Ina tsaye a cikin mutane na tuna gashin Rabi yana biyo yatsun uwarta, na tuna harshenta baƙi. Ban jira an rufe ƙofa ba, na juyo gida.

Na roƙi Inna ta bi ni. Na ce akwai nono, akwai iska, ba ruwan da zai shigo mata ɗaki.

"Kabarin ubanku yana nan," ta ce. "Na tsufa da koyon sabuwar rijiya. Kai je ka, 'ya'yanka sun fi ɗaki."

Bayan la'asar na kira limamin unguwa da maƙwabcinmu mai shago, muka zauna a zaure, Inna tana jin mu daga bakin ƙofa. Na ce rabona na gidan nan na bar wa Yaya Ɗanlami, kyauta, don shi zai riƙe Inna, ci da sha da magani, ni kuwa ba ni da abin da zan riƙa aikowa sai maɗi. Yaya ya ƙi, ya ce in je in yi tunani, yunwa ce ke magana. Liman ya tambaye ni har sau uku, na amsa har sau uku. Aka shafa fatiha. Na tashi na shiga ɗakin, na sauko da akwatin uwarku, na ɗauko kwanon daga bayan ƙyaure na miƙa wa Isuhu. Makullin kuwa na jefa shi a lambatu, tunda kwaɗonsa ya riga ya mutu.

Ban ce abin bai ci mini komai ba. Kai Sani ka fara makaranta a Duwala, kana kawo Faransanci gida, a nan kuwa sai da aka yi shekaru kafin a buɗe aji, lokacin ka girma. Na san wannan yana cinka, kuma da gaskiyarka. Inna ta rasu bayan 'yan shekaru, saƙo ya iske ni a gona bayan an yi sadakar uku. Ban ɗauki makararta ba. Yaya ne ya yi jinyarta, shi ya riƙa ɗaga ta yana kwantarwa da wannan bayan nasa, shi ya sa ta a kabari. Har yau in ɗinya ta fara zuba nakan tuna yadda ta riƙe ƙwallon nan a tafinta. Amma Rabi ga ta nan da 'ya'yanta, ku ukun da aka haifa a nan ba wanda gashinsa ya taɓa yin ja, saurar da aka nuna mini ita ce gonar da kuke ci. Itacen Dada kuma har bana ni na share shi. In ƙafata ta ƙi haye rafi, wanda ya ɗauki tsintsiya shi ke da shi, ko ɗana ne ko ba ɗana ba.

Isuhu ya yi aure tuni ya koma unguwar Sodiko. Wanda ke ɗakin yanzu ɗan Baffanku ne, kuma shi ke kwalfe shi. Ba wanda ya ci mana gado, Sani. Ni na bayar, da rana tsaka, a gaban shaidu.

Na ba direban da ke saukowa da shanu jarkar maɗi, zai neme ka a Logbaba. Ba taka ba ce. Ka ɗora ta a babur ka kai wa Baffanka, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce daga Garba. Ya tsufa, bayan nan ya ƙara tsananta. In ka iske ana ruwa, kada ka tsaya a zaure kana jira a tsagaita. Cire takalmi, ka duba bayan ƙyaurensa, akwai kwano.